Zanzibar ko Sao Tome? Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa

Dan_Agege77:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai nace bari in kawo ta nan. Shekarata 14 a Ikko, ina zaune Agege ina sayar da yadi a Idumota, kusan kullum sai na bi ta kan gadar Third Mainland in ga ruwa dama da hagu amma wallahi ban taɓa sa ƙafata a kwale-kwale ba. To bana na kwashi adashi kuma na yi niyya in Allah ya yarda in je in ga tsibiri na gaske. Ba irin zuwan da za a kwanta a otal ana ta ɗaukar hoto nake nufi ba, ni daji nake so in shiga, in hau dutse, in ga namun dawa, in taɓa ruwan teku da jikina. Wurare biyu aka ambata min, Zanzibar da Sao Tome. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ɗaya daga ciki ya faɗa min gaskiyar abin da ya gani, kwana 8 zuwa 10 nake da su.

Baffa_AlabaRago:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kuɗin nan da za ka kai wa teku me zai hana ka je Umara da su? Mu da muka zo Ikko neman abinci muka zo, ba yawon ganin biri ba.

Dan_Agege77:
Baba Allah ya ƙara girma, na yi Umara a 2019 kuma ina fatan komawa. Wannan dai wani buri ne daban tun ina yaro a Gumel nake da shi.

Ustaz_IdiAraba:
Baffa a yi masa uzuri. Allah da kansa ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fari halitta. In dai ya kiyaye sallarsa da idonsa kuma bai bar iyali da yunwa ba to babu laifi. Yana ma da rangwamen ƙasaru.

Maman_Ilham:
Ni na je Zanzibar da maigidana shekara biyu da suka wuce, kwana 9 muka yi. Yaya in dai ta kwanciyar hankali ce ka tafi can kawai. Kusan duk mutanen Musulmi ne, kiran salla kake ji ta ko'ina, abinci ba ka tambayar ko na halal ne, ni da hijabina na yi ta yawo babu mai kallona sau biyu. Abin da ya fara ruɗa mu alƙibla, mu nan mun saba gabas, can kuwa arewa sak ake fuskanta saboda Makka tana sama da su ne kai tsaye, maigida har ya tsaya yana musu da mai masauki sai da ya ga yadda masallacin unguwar yake tukun ya yarda. Daji kuma akwai Jozani, tafiyar kamar awa ɗaya ce daga cikin gari, nan ne jan birin nan yake wanda babu irinsa a ko'ina sai Zanzibar. Bayansu ja, gashin kansu fari a tsaitsaye kamar tsohon da ya tashi daga barci, kuma basu da babban yatsa a hannu sai ɗan kututture. Wata uwa ta sauko da ɗanta manne a ciki ta zauna a reshe kamar taku uku daga inda nake, tana cin ganye tana kallona, ɗan yana leƙowa ta ƙarƙashin hammatarta. Ɗan jagora ya ce kar mu matsa, kar mu ba su komai, don suna iya ɗaukar cutar mutum. Ya kuma ce suna cin gawayi saboda ganyen da suke ci yana da dafi, gawayin ke kashe shi. Har yau in na tuna idon ɗan birin nan sai in ji wani iri a raina.

Sani_Apapa_Wharf:
Hajiya ba ina ƙaryata ki ba ne amma Jozani ai ba dajin da yake nema ba ne. A awa biyu ka gama zagaya shi, hanya a share, har da gadar katako a kan fadama. Mutumin nan cewa ya yi yana so ya hau dutse, kuma Unguja shimfiɗaɗɗiya ce babu wani dutsen kirki. In daji ne na gaske Sao Tome ce. Na yi aiki a jirgin dakon kaya mun tsaya can, daga baya na koma da kuɗina don abin ya shiga raina.

Dan_Agege77:
Yauwa Malam Sani, buɗe min bayanin sosai don Allah. Mene ne Unguja kuma?

Sani_Apapa_Wharf:
Unguja shi ne sunan babban tsibirin da kowa ke kira Zanzibar, ɗayan kuma Pemba. To Sao Tome dai ga ta nan ƙasa da mu a cikin tekun Gini, ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba, ƙasa ce mai tsibiri biyu, Sao Tome da Principe, Turawan Fotugal suka mulke su har 1975 shi yasa Fotugis suke ji. Mutanen ƙasar duka basu kai na ƙaramar hukumar Agege ba. Tsibirin dutsen aman wuta ne ya haifar da shi, don haka daga bakin teku sai hawa. Dutsen da ya fi tsawo Pico de Sao Tome mita 2,024, kwana biyu ake yi ana hawa a kwana a tanti a can sama. Ni ban kai ƙarshe ba, na tsaya a Lagoa Amelia, ana tashi daga wani lambu da ake kira Bom Sucesso a shiga dajin Obo. Ɗan'uwa itatuwa ne da in ka ɗaga kai hularka sai ta faɗi, ko'ina gansakuka, hazo yana shigowa tsakanin itatuwa da rana tsaka har ka daina ganin wanda ke gabanka. Lagoa ɗin bakin tsohon dutsen wuta ne da ciyawa ta rufe ruwan cikinsa, in ka taka sai ƙasa ta riƙa lotsawa tana dawowa kamar katifa, ɗan jagora ya soka wata doguwar sanda ta shige duka bata taɓa ƙasa ba. Nan take na ja da baya ina salati. Sannan a kudu akwai Cao Grande, wani dutse ne tsaye ƙyam kamar an kafa taɓarya a tsakiyar daji, mita 663 in an auna daga teku, rabin yini kansa a cikin gajimare yake. Shi wannan kallo ne naka, sai ƙwararru masu igiya ke hawa.

Hauwa_Obalende:
Subhanallah. Macizai fa?

Sani_Apapa_Wharf:
Akwai baƙin kumurci, cobra preta suke ce masa, shi yasa ba a shiga babu ɗan jagora kuma babu takalmi mai rufe ƙafa. Ni ban gan shi ba. Abin da ya wahalar da ni taɓo ne, sau uku ina zamewa, wandona ya tashi daga aiki.

Alh_Canji_BroadSt:
Ku tsaya ku yi maganar kuɗi tukun, duk wannan daɗin baki ne in aljihu bai kai ba. Kusancin Sao Tome a taswira ne kawai. Yawanci sai ka bi ta Akara ko Libarabil kuma jiragen ba kullum suke tashi ba, in ka rasa ɗaya ka ci kwanaki. Kuɗinsu dobra, a ɗaure yake da yuro, don haka yuro za ka riƙe a hannu tsaba kar ka dogara da kati. Zanzibar kuwa dala ce ke aiki, amma sababbi, tsofaffin takardu suna ƙi ko su karya farashi, sai ka canza kaɗan zuwa shilin don cin abinci da shiga mota. Kuma tun Oktoban 2024 duk baƙo sai ya biya inshorar dole dala 44 kafin ya shiga Zanzibar, ka sa wannan a lissafi.

Maman_Ilham:
Gaskiya ne Alhaji. Ƙari kuma, Zanzibar cikin ƙasar Tanzaniya take, kuma mai fasfon Najeriya ba ya karɓar bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ka nema ta intanet tun da wuri an tantance ka. Kar ka yanki tikiti sai ta fito. Da katin allurar shawara, yalo kad ɗin nan, ka tabbatar na gaske ne. Mu ta Addis Ababa muka bi.

Bala_Okada_Mile12:
ni dai tambayata ka iya ruwa? don naga kace baka taɓa shiga kwalekwale ba. teku ba kogin Haɗeja bane oga

Dan_Agege77:
Ban iya ba Bala, gaskiya ɗaya ce. Kuma ina jin tsoronsa. Amma shi ne ma dalilin da yasa nake so in je.

Kawu_Ijora:
To ka saurare ni da kyau ƙanina don ni ruwa ya taɓa nuna min iyakata. A Nungwi ne can arewacin Unguja, wasu samari a bakin teku suka ce za su kai mu wajen ɗan tsibirin Mnemba kallon kifaye a rabin kuɗin da otal ya faɗa. Muka biya. Jirgin katako ne da inji ɗaya, mu goma sha ɗaya rigar ruwa guda huɗu, biyu ma igiyarsu ta tsinke. Da tafiya lafiya lau, ruwan garau kana hango ƙasa, kifaye kala-kala kamar an zuba atamfa a ciki. A dawowa iska ta taso inji ya mutu, igiyar ruwa tana ɗaga mu tana maka mu, wata mata tana ta amai, yaron jirgin yana kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka. Kusan awa ɗaya muna haka kafin wani jirgin masunta ya ja mu. Ban taɓa karanta Ayatul Kursiyyu da gaske irin na ranar ba. Saboda haka duk inda ka zaɓa, kafin ka biya ko sisi ka ce a nuna maka rigar ruwa, ka sa ta a jikinka ka ɗaure tun kana kan yashi. In sun ce babu komai Allah zai kiyaye, ka ce amin ka juya abinka.

Hauwa_Obalende:
Innalillahi, Kawu Allah ya ƙara tsarewa. Ai ko manyan jiragen ma an taɓa yin asara, a 2011 wani ya nutse tsakanin Unguja da Pemba saboda lodi ya yi yawa, mutane ɗaruruwa suka rasu, a 2012 ma wani ya sake kifewa.

Maman_Ilham:
Haka ne amma kar a tsorata shi da yawa. Jiragen ruwan da ke tashi daga birnin Darussalam na Tanzaniya zuwa Zanzibar yanzu masu sauri ne, kamar awa biyu, da tikiti da lambar kujera. Kuma in ya sauka a filin jirgin Zanzibar kai tsaye ma ba ruwansa da su. Ga wanda bai iya ruwa ba gabashin tsibirin ya fi, Paje da Jambiani. Can in ruwa ya janye sai ya yi nisa har ka daina jin ƙararsa, ka yi ta tafiya a kan farin yashi ruwa iya idon sawu, ka tarar da mata sun kafa turaku da igiyoyi suna noman ciyawar teku, mwani suke kiranta, ana sayarwa waje ana yin sabulu da man shafawa. Na zauna da wata dattijuwa ina taya ta ɗaure ciyawar a igiya, bata jin Turanci bana jin Suwahili amma mun yi hira da hannu har ta ba ni ɗanyar kwakwa. Sai dai ka sa takalmin roba, akwai wani baƙin abu mai ƙaya kamar bushiya a cikin ruwan, maigida ya taka ɗaya kwana biyu yana ɗingishi. Kuma ka tambayi lokacin dawowar ruwa, don in ya juyo da sauri yake zuwa.

Nura_Unilag:
Anti kin tuna min, Suwahili fa akwai kalmomi da yawa da Bahaushe zai tsinta saboda duk daga Larabci muka aro. Habari labari, asubuhi asuba, sabuni sabulu, dunia duniya, Alhamisi Alhamis, karafuu kanumfari. Amma agogonsu akwai tarko, su daga fitowar rana suke fara ƙirga, in mutum ya ce maka saa moja wato ƙarfe ɗaya to bakwai na safe yake nufi. Wani abokina direba ya ce masa saa mbili, ya zauna jiran ƙarfe biyu na rana ashe tun takwas na safe mota ta tafi.

Dan_Agege77:
Ikon Allah, wannan da ban ji ba da ni ma ta same ni. Na gode Nura.

Sani_Apapa_Wharf:
Duk naji amma ku lura kun mayar da maganar bakin teku da kasuwa. Mutumin nan daji da dutse ya tambaya. Kuma akwai abin da Zanzibar ba za ta ba shi ba. A ƙarshen kudancin Sao Tome daga ƙauyen Porto Alegre ana shiga ƙaramin jirgi kamar minti 20 zuwa wani ɗan tsibiri Rolas, nan layin ikwaita da ya raba duniya biyu ya ratsa, an yi alama a ƙasa, ƙafarka ɗaya a arewacin duniya ɗaya a kudu. Kusa da nan akwai gaɓar Jale inda manyan kififiyu ke fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai, wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Masu gadinsu basa barin a haska farar fitila sai ja. Na durƙusa a bayan wata da faɗin bayanta ya kai babban faranti na biki, tana ta watso yashi da hannuwanta tana numfashi kamar mutum mai nishi, ta zuba ƙwai ta rufe ta ja jiki ta koma ruwa bata ko waiwaye mu ba. Babu kowa a wajen sai mu huɗu da taurari. A Zanzibar ina za ka samu wuri babu cunkoson Turawa?

Ummu_Khalifa:
Pemba mana. Kowa yana mantawa da ita. Ƙanwar mijina tana aure a Chake Chake na je mata wata ɗaya. Pemba tudu da kwari ce ba kamar Unguja ba, kore shar, kuma yawancin kanumfarin Zanzibar daga can yake fitowa, lokacin girbi a bakin titi ake shanya shi a kan tabarmi garin duka ƙamshi. Akwai dajin Ngezi a arewa wanda yake daji ne na asali, akwai kuma wasu manyan jemagu masu jan ƙirji da fuska kamar ta dila, in sun buɗe fiffike sun fi mita ɗaya, a Kidike suke rataye a bishiya da rana dubbai. Baƙi kaɗan ne ƙwarai. Daga Unguja ƙaramin jirgin sama kamar rabin awa ne.

Sani_Apapa_Wharf:
To wannan na yarda Hajiya, Pemba ban taɓa zuwa ba. Amma dutsen hawa fa har yanzu babu.

Ustaz_IdiAraba:
Malam Sani ka faɗa masa maganar abinci da salla a Sao Tome don kar ya je ya sha mamaki.

Sani_Apapa_Wharf:
Gaskiya ne Ustaz ban ɓoye ba. Kiristoci ne mafi yawa, Musulmi 'yan kaɗan ne a babban birnin, alade kuma yana yawo a ƙauyuka kamar yadda awaki ke yi a wajenmu. Ni kifi na riƙe da ayaba da wani abu kamar doya da ke fitowa a bishiya, kullum sabon kamu. Akwai miyarsu calulu ta ganye da manja da busasshen kifi, sai dai ka tambaya me aka sa a ciki. Ka koyi cewa sem porco, wato banda alade. Na tafi da garin rogo da ƙuli-ƙuli da yaji, sun yi min rana sosai. Koko kuwa ba a magana, a farkon ƙarni na 20 suna cikin waɗanda suka fi kowa noma shi a duniya, tsofaffin gidajen gonar Turawa suna nan daji yana cinye su, roça suke ce musu. Wahalar da aka ba bayi da leburori a gonakin nan in aka ba ka labari sai ka yi hawaye.

Baffa_AlabaRago:
Sao Tome ɗin nan ba ita ce lokacin yaƙin basasa jirage ke tashi daga can da dare suna kai kaya Biyafara ba? Muna yara muna jin sunan a rediyo.

Nura_Unilag:
Ita ce Baba, daga 1968 zuwa 1970, jiragen agaji na coci-coci suna sauka a filin jirgin Uli a cikin Biyafara. Kuma a 2001 Najeriya ta sa hannu da su kan haƙar mai a ruwan da ke tsakaninmu, kashi 60 namu 40 nasu. Zanzibar ma akwai nata tarihin mai nauyi, kasuwar bayi ta Stone Town, wato tsohon garin Zanzibar, sai 1873 aka rufe ta, har yanzu ana shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a wajen.

Baffa_AlabaRago:
Allah sarki. To in ya je ya gano mana. Amma ya bar wa iyali abin cefane isasshe.

Hauwa_Obalende:
Wane wata za ka tafi ne Yaya? Don babu wanda ya tambaya.

Dan_Agege77:
Ina tunanin Afrilu, lokacin kasuwa tana ɗan lafawa.

Maman_Ilham:
Kai a'a, Afrilu tsakiyar babbar daminarsu ce a Zanzibar, masika, daga Maris zuwa Mayu ruwa kamar da bakin ƙwarya har wasu otal suna rufewa. Yuni zuwa Oktoba ya fi.

Sani_Apapa_Wharf:
Sao Tome ma Afrilu ruwa ne, dutsen ba zai hawu ba. Raninsu gravana daga Yuni zuwa Satumba. Sai dai a wannan lokacin kififiyu basa fitowa sosai, dole ka zaɓi ɗaya. Maganin sauro kuma ka ga likita kafin ka tashi duk inda za ka.

Bala_Okada_Mile12:
oga ni shawarata kafin ka kashe miliyoyi ka fara gwada na gida. kaje tashar jirgin ruwa ta CMS ka shiga jirgin zuwa bakin tekun Tarkwa Bay minti 20 ne kaga yadda cikinka zai yi in ruwa ya fara jijjiga ka. sannan kaje Lekki Conservation ka hau gadar saman bishiya ɗin nan mita 401 ce tana lilo ga birai a ƙasa. in ka wuce waɗannan biyun ƙafarka bata yi rawa ba sai a yi maganar dutsen mita dubu biyu

Kawu_Ijora:
Bala ya yi magana. A Tarkwa Bay ɗin ma ka sa rigar ruwa, kuma kar ka shiga tekun wuce gwiwa, yana da ja ta ƙasa.

Dan_Agege77:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Gaskiya zuciyata tana wajen dajin da Malam Sani ya siffanta, wannan ƙasa mai lotsawa tun ɗazu nake ta ganinta a idona, amma maganar salla da abinci da wahalar jirgi tana ja na wajen Zanzibar da Pemba, uwargida ma da na karanta mata bayanin Maman Ilham cewa ta yi ƙafarta ƙafata. In da ita ne kuwa lissafin ya canza gaba ɗaya. Lahadi mai zuwa dai zan je CMS in gwada na Bala, wa zai raka ni?

Nura_Unilag:
Ni zan zo Yaya, mu haɗu a masallacin Idumota bayan azahar.

Ummu_Khalifa:
In da uwargida za ka to ka nemi masauki a cikin gari ko ƙauye, ba irin otal ɗin bakin teku da ake kiɗa da shaye-shaye har asuba ba. Zan tambayi ƙanwar mijina ko har yanzu maƙwabcinsu yana ba da hayar ɗakuna a Chake Chake.

Sani_Apapa_Wharf:
Mata ma suna hawa Lagoa Amelia fa, na ga wata da goyo ta wuce ni a hanya. Alhaji Canji, yuro nawa take yau?